Manhajojin jera manazarta: Abin da suke sauƙaƙa wa ɗalibai da inda suke gazawa

Akwai wata al'ada da wasu malaman jami'a ke da ita a ranar kare kundin digiri. Ba sa fara duba aikin ɗalibi daga babi na ɗaya. Shafukan ƙarshe suke fara buɗewa, inda aka jera manazarta, su tsinci suna guda, sannan su koma cikin aikin su ga ko an ambace shi. Daga nan sai su juya, su ɗauki wani suna da aka kafa hujja da shi a babi na biyu, su neme shi a jerin ƙarshe.

Sau da yawa a nan asirin ɗalibi ke tonuwa. A cikin aiki an rubuta 1988, a ƙarshe kuma 1998. An ambaci marubuci sau biyar amma babu littafinsa a manazarta. Ko kuma ga littattafai goma a jere waɗanda ba a taɓo ko ɗaya daga cikinsu ba a duk faɗin kundin.

Mafi sauƙin hukunci shi ne a ce a koma a gyara, wanda ke nufin sake bugawa da sake ɗaure kundi, da kuɗin da ba a shirya kashewa ba. Mafi tsanani shi ne zargin satar fasaha, domin maganar da aka ɗauko ba tare da an nuna mai ita ba, ko da mantuwa ce ta jawo, kamanninta ɗaya da wadda aka sata da gangan.

Mafi yawan irin waɗannan kurakurai ba rashin karatu ke kawo su ba. Rashin wurin ajiya ne. Ɗalibi ya kwafi shafi uku daga wani littafi a laburare bai kwafi bangon ba. Ya sauke maƙala a waya, sunan fayil ɗin wasu lambobi ne marasa ma'ana. Bayan wata takwas ya dawo yana neman daga ina ya samo wata jimla, abin ya gagara.

Wannan matsalar ce manhajojin tsara madogara suka zo magancewa, kuma sun daɗe da zuwa. Abin mamaki shi ne yadda har yanzu ɗalibai da yawa ke zama da daddare suna buga manazarta ɗaya bayan ɗaya da hannu, suna ƙidaya waƙafi da aya.

Yadda suke aiki

A taƙaice, manhajar rumbu ce. Kowane littafi ko maƙala ko kundi da mai bincike ya karanta yana da katinsa a ciki: sunan marubuci a gurbinsa, shekara a nata, take, maɗaba'a, lambar mujalla da shafuka. Ana iya maƙala wa katin fayil ɗin PDF na maƙalar, da bayanan da mutum ya rubuta lokacin da yake karantawa.

Sashe na biyu shi ne wanda ke shiga cikin manhajar rubutu, kamar Microsoft Word ko LibreOffice ko Google Docs. Idan marubuci ya kai inda zai kafa hujja, sai ya danna maɓalli, ya buga farkon sunan marubucin, ya zaɓa, ya sa lambar shafi. Manhajar ta rubuta madogarar a cikin jimla, kuma a take ta ƙara cikakken bayanin a jerin manazarta na ƙarshe. In daga baya aka goge wannan sakin layi, kuma ba a ambaci littafin a wani wuri ba, shi ma sai ya fita daga jerin.

Ke nan waccan jarrabawar ta malamai, ta gwada ciki da ƙarshe, ba za ta kama wanda ya bi wannan hanya ba, domin daga kati ɗaya dukkansu biyun suka fito.

Sai batun salo. Sassan ilimi da zamantakewa sun fi bin tsarin APA na ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka. Masu adabi kan bi MLA, masu tarihi Chicago, likitoci kuma tsarin Vancouver mai amfani da lambobi, wanda ya samo sunansa daga taron da editocin mujallun likitanci suka yi a wannan birni na Kanada a 1978. Kowane salo yana da nasa ƙa'idojin, kuma ƙa'idojin suna canzawa. Da APA ta fitar da bugu na 7 a watan Oktoban 2019, ta daina buƙatar sunan garin da aka buga littafi, ta ce a jera marubuta har 20 a manazarta, sannan a cikin rubutu, idan marubuta sun kai 3, a ambaci na farko kawai a bi shi da "et al."

Ga wanda ya buga manazarta 150 da hannu, irin wannan canji aikin kwanaki ne. Ga mai amfani da manhaja, zaɓar wani salo ne daga jeri, komai ya sauya cikin daƙiƙoƙi. Malamin da wata mujalla ta ƙi karɓar maƙalarsa, zai tura wa wata mai salo daban, shi ya fi kowa sanin darajar wannan.

Uku da suka fi shahara

EndNote ce dattijuwa a cikinsu. Tun ƙarshen shekarun 1980 take kasuwa, kuma a yau kamfanin Clarivate ne ke da ita. Ta kuɗi ce, da dala ake saye, sai dai in makarantar mutum ta biya masa.

Mendeley ta fito ne daga Landan a 2008, wasu Jamusawa uku masu karatun digiri na uku ne suka kafa ta. A 2013 babban kamfanin buga mujallun kimiyya, Elsevier, ya saye ta. Kyauta ce, tana ba da wurin ajiya na gigabayit 2 a intanet, kuma ta karɓu sosai a jami'o'in Najeriya. Sai dai kamfanin ya janye manhajojinta na waya a 2021, a 2022 kuma ya daina ba da damar sauke tsohuwar Mendeley Desktop, ya maye gurbinta da Mendeley Reference Manager. Shi ya sa bidiyoyin koyarwa da yawa da ke YouTube ba sa dacewa da abin da sabon mai amfani ke gani a fuskar kwamfutarsa.

Zotero kuwa masana tarihi ne suka ƙirƙiro ta, a wata cibiya ta Jami'ar George Mason da ke jihar Bajiniya ta Amurka, aka sake ta a 2006. Kyauta ce, kuma buɗaɗɗiya ce, wato kowa na iya ganin yadda aka gina ta. Wata ƙungiya da ba ta neman riba ce ke kula da ita yanzu. A 2008 kamfanin Thomson Reuters, wanda a lokacin shi ke da EndNote, ya maka jami'ar a kotu a kan Zotero, amma aka kori ƙarar a 2009.

Ga ɗalibin da ke fama da tsadar data da ɗaukewar wuta, Zotero ta fi dacewa. Tana ajiye komai a cikin kwamfutar mutum, tana aiki ba intanet, kuma ba dole ne a buɗe asusu ba kafin a fara. In an buɗe, katunan kan tafi intanet kyauta komai yawansu, fayilolin PDF ne kawai aka ƙayyade wa megabayit 300. Tana da salon madogara dubbai, tana kuma da manhajar waya ta iPhone da Android don karatu da ajiya, amma sanya madogara a cikin kundi aikin kwamfuta ne.

Wanda waya kaɗai gare shi, kuma ɗan gajeren aikin aji zai yi, akwai shafin ZoteroBib, wanda ke jera manazarta ba tare da an sauke komai ba. Masu lissafi da kimiyyar kwamfuta da ke rubutu da LaTeX su kuma suna da BibTeX tun 1985. Abin lura ɗaya: Word na da nasa wurin sanya madogara, amma APA ɗin da ke ciki bugu na 6 ne, kuma an sha mayar wa ɗalibai da aiki saboda haka.

Inda Hausa ke ba manhaja wahala

Abin da ke burge sabon shiga shi ne saurin shigar da bayani. Yawancin maƙalun manyan mujallu suna da lambar shaida da ake kira DOI, littattafai kuma ISBN. Da an liƙa lambar, manhajar za ta nemo sauran bayanan da kanta. In kuma mutum yana kan shafin mujalla, dannawa ɗaya ta isa.

To amma mai binciken da ke aiki a kan harshe ko adabi ko tarihin ƙasar Hausa zai ga wannan saurin bai kai gare shi ba. Tsofaffin fitowar mujallu irin su Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ba su da DOI. Kundayen digiri da ke jere a Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello ba su da shi. Haka takardun Turawan mulki da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da na Gidan Arewa, da tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Littattafan adabin kasuwar Kano da dama ba ISBN kaɗai suka rasa ba, har shekarar bugu ba a rubuta a jikinsu ba.

Duk waɗannan da hannu ake shigar da su. Wasu na ganin hakan ya rushe amfanin manhajar, amma akasin haka ne. Maƙalar da ke intanet, in bayananta sun ɓace, ana iya sake nemo ta cikin minti ɗaya. Fayil ɗin da aka yi tattaki zuwa Kaduna aka duba, in lambarsa ta ɓace, sai an sake biyan kuɗin mota. Shigar da shi sau ɗaya, a ranar da yake hannu, shi ne riba. Zotero na da kati na musamman ga rubutun hannu, da wasiƙa, da hira, da shirin rediyo, da faifan waƙa, don haka waƙar Mamman Shata ko ta Narambaɗa tana da gurbinta, haka ma rubutun ajami.

Babbar matsalar tana wajen sunaye. An gina manhajojin ne a kan tsarin Turawa, inda kowa ke da sunan yanka da sunan dangi, kuma kalmar ƙarshe ita ce ta dangi. Ga Ibrahim Yaro Yahaya, mai littafin Hausa a Rubuce na 1988, babu matsala: Yahaya, I. Y. Amma Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, manhaja za ta mayar da shi Ɓalewa, A. T., alhali Tafawa Ɓalewa sunan gari ne guda, ba a raba shi. Ado Ahmad Gidan Dabino zai koma Dabino, A. A. G. In bangon littafi ya ce Alhaji ko Malam ko Farfesa, wani lokaci laƙabin kan shige cikin suna ya zama harafi.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa kowane marubuci da yadda yake rubuta sunansa: wani Dan Fodio, wani Ibn Fudi, wani Fodiyo. Manhaja ba ta san mutum ɗaya ba ne. Za ta watsa ayyukansa ƙarƙashin haruffa uku a jerin manazarta.

Maganin yana hannun mai bincike. Ya zaɓi rubutu ɗaya ga kowane marubuci, ya tsaya a kansa. Gurbin sunan dangi yana karɓar kalma biyu, don haka ana iya sa Tafawa Ɓalewa ko Gidan Dabino a ciki gaba ɗaya. Akwai kuma zaɓin mayar da gurbin suna guda ɗaya, wanda ya dace da sunayen hukumomi da na mutane irin su Nana Asma'u.

Haruffa masu lanƙwasa ma haka. In an shigar da Ɗangambo a wani kati, Dangambo a wani, manhajar za ta ɗauke su mutum biyu. Haka in an rubuta cikakken sunan marubuci a wani wuri, a wani kuma haruffan farko kawai: sai ta fara cusa haruffan suna a cikin madogara don ta bambance "mutanen biyu", ɗalibi ya rasa daga ina abin ya fito. Mai haɗa ayyukan Najeriya da na Nijar zai ƙara da lura cewa a Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya kuma 'y, kuma neman ɗaya ba lallai ya fito da ɗayan ba.

Akwai wasu ƙananan dabaru biyu masu amfani. A kowane katin Zotero akwai gurbin harshe. In aka rubuta "ha" a ciki, manhajar za ta bar taken Hausa yadda aka shigar da shi, ba za ta ɗora masa ƙa'idar manyan baƙaƙe ta Ingilishi ba. Gurbin nau'in kundi kuma yana karɓar duk abin da aka rubuta, don haka mai rubutu da Hausa na iya sa "Kundin digiri na biyu" ya fito a haka.

Hira ita ce ta fi rikitarwa. A ƙa'idar APA, hirar da mai bincike ya yi da kansa ba ta shiga jerin manazarta, a cikin rubutu kawai ake ambatonta. Amma sassan Hausa da na tarihi da yawa suna son a kawo jerin waɗanda aka yi hira da su, da shekarunsu da wuri da rana. A nan littafin ƙa'idojin makarantar digiri na gaba shi ne alƙali, ba manhaja ba, kuma gara a tambaya tun kafin a yi nisa.

Kula da madogara dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk almajirin da ya karanci hadisi ya san isnadi, ya san ba a karɓar magana sai an san daga wa aka ji ta. Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu.

Madogarar da ba ta wanzu ba

A 'yan shekarun nan wata sabuwar matsala ta kunno kai. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT na iya rubuta madogara mai kyan gani, da sunan marubuci na gaske da mujalla ta gaske da lambar shafi, alhali maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba.

A watan Yunin 2023 wani alƙalin kotun tarayya a New York ya ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000, a ƙarar da wani fasinja ya shigar da kamfanin jiragen sama na Avianca, bayan sun gabatar da hukunce-hukunce 6 na ƙarya da ChatGPT ta ƙaga musu. Lauyoyi ke nan masu lasisi, balle ɗalibin da ke gaggawar cika babi na biyu.

Manhajar madogara na taimakawa a nan, amma rabin taimako. In aka liƙa DOI na ƙarya, ko dai ba za ta samo komai ba, ko ta kawo wata maƙala daban da ba ta da alaƙa da batun. Wannan alama ce mai ƙarfi. Sai dai in mutum ya shigar da ƙaryar da hannunsa, za ta karɓa, ta jera ta tsaf a cikin salon APA ba tare da ta ce uffan ba. Ƙa'idar da ta fi tsare mutunci ita ce kada wani kati ya shiga rumbu sai an ga takardar da ido an karanta ta.

Akwai kuma maƙalun da aka buga da gaske amma daga baya aka janye su saboda kuskure ko maguɗi. Wadda ta fi shahara ita ce ta Andrew Wakefield a mujallar The Lancet a 1998, wadda ta danganta wata allurar riga-kafin yara da cutar galahanga. An janye ta a 2010, amma ba a daina kafa hujja da ita ba. Mujallar Nature ta ruwaito cewa a 2023 kaɗai an janye maƙalu fiye da 10,000. Tun 2019 Zotero ke amfani da bayanan shafin Retraction Watch, tana sa jan gargaɗi a kan duk maƙalar da aka janye da ke cikin rumbun mutum, tana kuma sake gargaɗi in ya zo kafa hujja da ita. Ga ɗaliban likitanci da haɗa magunguna, wannan kaɗai ya isa dalilin amfani da ita.

Abin da manhajar ba ta yi shi ne raba mutum da satar fasaha. Wanda ya kwafi sakin layi sukutum bai sa alamar zance ba, ko da ya maƙala madogara a ƙarshe, Turnitin za ta haska shi. Kuma bayanan da ake ɗaukowa kai tsaye daga intanet ba wahayi ba ne. Google Scholar kan kawo maƙala ba lambar fitowa, ko take da manyan baƙaƙe gaba ɗaya, ko sunan mujalla a gurbin marubuci. Daƙiƙa talatin na duba kowane kati a lokacin da ya shigo sun fi kwana biyu na gyara a ƙarshe.

Kafin a kai shagon bugawa

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne ranar da aka amince da taken bincike, ba bayan an gama babi na biyar ba. Wanda ya riga ya yi nisa yana buga madogara da hannu, manhajar ba za ta gane su ba, sai ya bi ɗaya bayan ɗaya ya sake sanya su ta cikinta.

Ɗaliban da ke ƙarƙashin malami ɗaya suna iya buɗe rumbun haɗin gwiwa, ta yadda in ɗaya ya shigar da ƙamusun Bargery na 1934 daidai, sauran ba sai sun sake ba. Wanda kuma ya fara da Mendeley yake son komawa Zotero, ko akasin haka, yana iya kwashe katunansa ta fayil ɗin RIS ko BibTeX, ba sai ya faro daga tushe ba.

Wurin da aka fi yin asara shi ne ƙarshen tafiya. Madogarar da ke cikin Word ba rubutu ba ne zalla, akwai ɓoyayyen zare da ya haɗa ta da rumbu. Gyara fayil ɗin a wasu manhajojin rubutu na waya, ko sauya masa nau'i, kan iya tsinke zaren. Gyaran da aka yi da hannu a cikin jerin manazarta shi ma kan goge da zarar manhajar ta sabunta jerin, don haka a katin ake gyara kuskure, ba a cikin kundin ba.

Kafin a miƙa aiki ga mai shagon bugawa, ana yin kwafi biyu. A ɗaya a danna maɓallin da ke warware zaren, madogara su koma rubutu zalla, shi ake bayarwa. Ɗayan, mai zaren, a adana shi a filasha da kuma imel, domin bayan kare kundi kusan kullum akwai gyare-gyaren da mai jarrabawa daga waje zai ce a yi, kuma a cikin wannan kwafin ake yin su.